Su wane ne 'yan Hare Krishna? Ƙanena ya fara zuwa wurinsu a Bangalore

Maman Walida:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu zama a Indiya, ko waɗanda suka taɓa zama, ku taimaka mini da bayani, hankalina bai kwanta ba.

Ƙanena, autanmu, yana karatun harhaɗa magunguna a Bangalore. Tun rasuwar mahaifinmu ni da maigidana muke ɗauke da karatunsa, don haka duk abin da ya same shi a wuyana yake. Shekaranjiya ya turo mini bidiyo a WhatsApp: mutane cike da titi, mazan sun aske kai ƙwal sai ɗan tukku a ƙeya, sun ɗaura zane ruwan goro, goshinsu da zanen farar ƙasa har kan karan hanci, suna kiɗa suna tsalle suna maimaita waƙa ɗaya. Abin da ya fi ɗaure mini kai, har da Turawa a cikinsu. Da na tambaye shi sai ya ce wai 'yan Hare Krishna ne, abokan ajinsa ne suka ja shi kallon babban wurin bautarsu da ke kan wani tudu, kuma duk wanda ya je ana ba shi abinci. Ya ce ya ci, babu nama a ciki.

Ni iyakar sanina da addinin Hindu abin da muka gani a fina-finai ne muna yara. Su wane ne waɗannan? Addini ne daban ko reshen Hindu ne? Me ya kai Bature cikinsu? Ƙungiyar asiri ce irin mai janye yara ta raba su da danginsu? Ba na so in kira shi da faɗa alhali ban san kan abin ba, don yaro ne mai zurfin ciki, in aka matsa masa sai ya daina faɗin komai. Mama kuwa ban gaya mata ba tukuna, tana fama da hawan jini.

Ɗan Kurna:

Wa alaikumus salam Anti. Shawarata gajeriya ce: ki kira shi yau ɗin nan ki ce ya fita harkarsu. Da abinci ake fara jan yaro. Karatu aka tura shi, ba yawon gidajen gumaka ba. Allah ya tsare mana imaninmu.

Tafintan Delhi:

Wa alaikumus salam Maman Walida. Kin kyauta da kika tsaya neman sani kafin ki ɗaga waya. Ni a Delhi nake, sana'ata rakiyar marasa lafiya da ke zuwa daga gida, in nema musu masauki, in yi musu tafinta a gaban likita. Ɗakin da nake haya ba shi da nisa da babban wurin bautar mutanen nan na unguwar East of Kailash, kusa da kasuwar kwamfuta ta Nehru Place, saboda haka kiɗansu na asuba ba baƙona ba ne. Na shiga na gani, na zauna da wasunsu, na bi tarihinsu. Zan gaya miki mai daɗin da marar daɗin.

Sunan ƙungiyar a takarda ISKCON. Reshe ne na Hindu, na masu bautar Krishna, waɗanda suka ɗauka shi ne babba, sauran abin bautar Hindu duk a ƙarƙashinsa suke. Tushen koyarwar ya daɗe. Wani mutumin Bengal ne mai suna Chaitanya, wanda aka haifa a 1486, ya fito da jama'a kan titi da ganguna, yana koyar da cewa a wannan zamani babu ibadar da ta kai maimaita sunan Krishna a fili, kuma kowa na iya yi ko daga wane gida ya fito. A ƙasar da ake auna mutum da gidan da aka haife shi, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Amma ita ƙungiyar da kika gani a bidiyo sabuwa ce, a 1966 aka kafa ta, kuma ba a Indiya ba, a New York.

Wanda ya kafa ta wani dattijo ne ɗan Kolkata, Abhay Charan De, wanda mabiyansa ke kira Prabhupada. An haife shi a 1896. Magidanci ne mai mata da 'ya'ya, sana'arsa ma haɗa magunguna da sayar da su, irin abin da ƙanenki yake karantawa. A 1922 ya haɗu da wani malami, Bhaktisiddhanta Sarasvati, wanda tun a zamansu na farko ya umarce shi, tunda ya yi boko, ya kai koyarwar ga masu jin Turanci. Shekara 43 maganar tana ransa. Kasuwanci ya karye, ya bar gida, a 1959 ya ɗauki alkawarin barin duniya irin na malamansu, ya tare a wani ɗan ɗaki a garin Vrindavan yana fassara littattafai. Sai a 1965, yana da shekara 69, wata attajira mai kamfanin jiragen ruwa, Sumati Morarji, ta ba shi gurbi kyauta a jirgin dakon kaya mai suna Jaladuta. Sau biyu ciwon zuciya ya buge shi a kan teku. Ya sauka Amurka da rupi 40 da akwatin littattafai.

Nan ne amsar tambayarki ta Turawa. Ya faɗo a daidai lokacin da samarin Amurka suka yi wa iyayensu da gwamnatinsu tawaye, ana yaƙin Vietnam, suna yawo da gashi buzu-buzu suna shan ƙwaya suna neman abin da za su riƙe. Ya kama wani ɗan shago a lamba 26 kan titin Second Avenue, yana karantarwa, yana dafa musu abinci da hannunsa yana zuba musu. Ya riƙa fita da su wani filin shaƙatawa, Tompkins Square, su zauna gindin bishiya suna rera waƙar nan da kika ji. Kalma 16 ce kacal, sunaye uku ake jujjuyawa: Hare, Krishna, Rama.

Abin da har yau yake ba ni mamaki, bai sassauta musu ba. Duk wanda zai zama almajirinsa sai ya ɗauki sharaɗi huɗu: babu nama da kifi da ƙwai, babu abin maye har shayi da kofi da taba, babu caca, babu saduwa sai da aure. Sannan kullum ya ja carbi mai 'ya'ya 108 zagaye 16, wato ya maimaita waƙar sau 1,728, abin da ke cin kusan awa biyu. Yaran da suka gudu daga dokar iyayensu suka zo suka karɓi dokar da ta fi ta gida tsanani. A ganina ba daɗin bakinsa ne ya ja su ba. Sun ga tsohon yana yin abin da yake faɗa, sun kuma sami wanda ya damu da ko sun ci abinci.

Daga nan abin ya kama kamar wutar daji. San Francisco a 1967, sai Landan, inda George Harrison na ƙungiyar mawaƙan Beatles ya ɗauki waƙarsu a faifai a 1969 ta shiga kasuwa, a 1973 kuma ya saya musu wani ƙaton gida da fili kusa da garin Watford a bayan Landan, wanda har yau shi ne cibiyarsu a Ingila. A 1970 dattijon ya koma Indiya da almajiransa Turawa, kuma wannan dabara ce babba: Indiyawan da boko ya sa suka fara raina addinin kakanninsu sai ga Bature da tukku yana rawa a titin Bombay. Attajirai suka buɗe aljihu. Aka gina wuraren bauta a Mayapur, mahaifar Chaitanya, wadda ita ce hedikwatarsu yanzu, da Vrindavan a 1975, da unguwar Juhu ta Bombay a 1978. A 1971 ya taka Nairobi. Ya rasu a Nuwamban 1977 yana da shekara 81, ya bar wuraren bauta sama da ɗari da almajirai kusan dubu biyar. Duk wannan cikin shekara 12.

Da dare yake aikin littattafai, yana magana a na'urar ɗaukar murya, da safe yara su buga. Fassararsa ta Bhagavad Gita, ɗaya daga littattafan Hindu masu tsarki, ita ce suka fi yaɗawa, kuma a 1972 ya kafa musu kamfanin ɗab'i nasu. Sayar da littattafan nan a titi da filayen jirgin sama shi ne ya riƙe ƙungiyar a shekarun farko, kuma shi ne ya fara ɓata mata suna, don sun takura wa matafiya har shari'a ta kai kotun ƙolin Amurka a 1981 da 1992.

Na Delhi da nake maƙwabtaka da shi a 1998 aka buɗe shi. Ƙarfe huɗu da rabi na asuba suke fara ibada. In ka je, za ka bi ta na'urar bincike, ka ajiye takalminka a karɓi lamba, ka hau matakala. Ciki falo ne mai faɗi, ƙasa shimfiɗe da marmara mai sanyi, ƙamshin turaren tsinke da furanni ya cika ko'ina. Can gaba gumakan ne a bayan labule, an sa musu tufafi masu ƙyalli da sarƙoƙin fure. Sai a busa wani ƙaton kwanson katantanwar teku, a yaye labule, mutane su zube rub da ciki, mai hidima yana kewaya fitilar man shanu a gaban gumakan. Masu ruwan goro su ne marasa aure, masu farare magidanta ne. Kusan kowa da 'yar jaka a wuya, hannun dama a ciki, ɗan yatsa manuni a waje, carbin ne yake ja a ciki.

Ƙungiyar asiri? A'a. Ƙofarsu a buɗe take, littattafansu a kasuwa suke. Amma kada wannan ya sa ki saki jiki, don sun bambanta da yawancin Hindu a abu ɗaya: su masu kira ne. Hindu na gargajiya bai damu ka shigo addininsa ba, su kuwa don haka aka kafa su. Suna da reshen matasa da ke bin jami'o'i, sukan fara da darasi kan natsuwa da yadda ɗalibi zai rage damuwar jarrabawa, sukan kama gidaje kusa da makarantu inda ɗalibai ke zama a kan tsarinsu. Da yawa daga masu ruwan goron nan injiniyoyi ne da suka ajiye aiki. Sun iya magana, kuma suna da fara'a.

Maman Walida:

Malam na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, ya ba marasa lafiyarka sauƙi. Wallahi sai yanzu na fara gane kan abin. Amma ka ce da mai daɗi da marar daɗi, kuma ina jin marar daɗin bai fito duka ba. Sannan abincin nan shi ya fi tsaya mini a rai. Wa yake biya? Kuma tunda ba nama, akwai wani abu a cikinsa da ya kamata in sani?

Baba Nima:

Salamu alaikum. 'Yata, kafin Malam Tafinta ya dawo bari in sa baki, don mu nan Ghana mun san su, ba sai an je Indiya ba. Ni mahauci ne a Accra, gadon gidanmu ne. In ka fita Accra ka kama hanyar Kumasi, kafin ka kai Nsawam akwai wani gari Medie, nan babban wurinsu yake, har da makarantar yara. Kuma yawancin waɗanda ke ciki ba Indiyawa ba ne, 'yan ƙasa ne baƙaƙe, sun karɓi sunayen Indiya, matan suna ɗaura sari. Wanda ya yi ƙoƙarin kafa su a wannan yanki namu wani baƙar fatar Amurka ne, John Favors, da suke kira Bhakti Tirtha Swami. Ya yi jami'ar Princeton, ya zagaya Ghana da Najeriya, har sarautar gargajiya aka ba shi a Warri. Ya rasu a 2005. A Legas ma suna nan. Kada a haɗa su da wani gidan Hindu da ke Odorkor cikin Accra, wanda Swami Ghanananda, ɗan Ghana, ya jagoranta tun 1975. Wannan daban, waɗancan daban.

Na taɓa zama kujera ɗaya da wani cikinsu a mota. Dattijo ne kamata, da ɗan carbin katako siriri a wuya. Da ya ji sana'ata sai ya yi shiru, can ya ce mini a wurinsu saniya uwa ce tunda ta shayar da mutum, ba a yanka ta, ana kiwonta har ta mutu da kanta. Na ce masa mu Allah ya halatta mana, kuma da sunansa muke yankawa, ba ma wasa wuƙa a gaban dabba. Ya saurara har na gama, bai ɗaga murya ba, ni ma ban ɗaga ba. Da zai sauka ya miƙo mini wata alewa a takarda, na ce na gode ban ci, ya mayar aljihu ba tare da ɓata fuska ba.

Shekarun da na yi ina ganinsu ban ji sun yi rigima da mutanen zango ba. Amma ban taɓa barin jikokina su je bikinsu ba, ko don kallo. Yaro ba ya rarrabe kallo da shiga. Naki kuwa ba yaro ƙarami ba ne, mai karatun jami'a ne, da hujja za ki bi shi ba da tsawa ba.

Tafintan Delhi:

Baba mun gode, Allah ya ƙara girma. Maman Walida, kin yi gaskiya, marar daɗin na nan, kuma yana da nauyi.

Da dattijon ya rasu sai almajiransa 11 suka raba duniya a tsakaninsu, kowa da yankinsa, kowa yana karɓar sababbin mabiya, ana ɗora shi kan kujera mai tsawo ana wanke masa ƙafa. Samari ne Turawa, yawancinsu 'yan shekara talatin da wani abu, waɗanda ba su fi shekara goma a addinin ba. Kafin ƙarshen 1987 fiye da rabinsu sun faɗi: wani ƙwaya, wani makamai, wani lalata, wani ya tattara ya tafi. Mafi muni shi ne na wata unguwarsu a tsaunukan West Virginia, New Vrindaban, wadda aka kashe mutum biyu masu alaƙa da ita, ɗaya a wurin a 1983, ɗaya a Los Angeles a 1986. Shugaban wurin, Kirtanananda, an kore shi daga ƙungiyar a 1987, daga baya ya yi zaman kurkuku. Majalisar gudanarwarsu ta rushe tsarin yankunan, ta rage wa malaman ƙarfi.

Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne na yara. Sun buɗe makarantun kwana, na farko a Dallas a 1971, ana karɓar yaro tun yana shekara biyar, iyayen su tafi sayar da littattafai. An ce wa iyayen son ɗa ma wani ɗauri ne da ke hana mutum ibada. Aka bar yaran a hannun waɗanda ba su iya komai ba sai aka tura su koyarwa, babu mai leƙawa. Aka yi ta dukansu, ana barinsu da yunwa, wasu aka yi lalata da su, a Amurka da kuma makarantun Vrindavan da Mayapur. A 1998 mujallar ƙungiyar da kanta ta buga binciken abin da ya faru, suka buɗe ofishin kare yara. A 2000 tsofaffin ɗaliban suka kai ƙara a Dallas suna neman dala miliyan 400, aka ƙare da biyan dala miliyan 9.5 ga ɗaruruwansu. Na yaba da suka fallasa kansu, ba kowace ƙungiyar addini ke iya wannan ba. Sai dai kuɗi ba ya mayar wa mutum yarintarsa. Kuma mu da muke tura ƙananan yara garuruwa masu nisa da sunan karatu, ba mu san inda suke kwana ba, bai kamata mu karanta wannan mu ce na wasu ne ba.

To me ya hana ƙungiyar mutuwa? Ta canza jama'a. A 1965, shekarar da dattijon ya sauka, Amurka ta sassauta dokar shige da fice, likitoci da injiniyoyin Indiya suka fara kwarara. Da suka yi iyali suna neman inda za su kai 'ya'yansu ranar Lahadi, sai suka tarar da wuraren bautar da Turawan nan suka gina. A Ingila ma haka, musamman Indiyawan da suka baro gabashin Afirka. Lokacin da hukumar yankin ta so hana taron jama'a a gidan nan na kusa da Watford, mutum kusan 36,000 ne suka yi maci a Landan a 1994, kuma a 1996 aka ba su izini. Yau mafi yawan mabiyansu magidanta ne masu aikin yi, suna zaune a gidajensu, kuma Indiya ce cibiyar ƙarfinsu. Daga nan kuɗin yake fitowa: gudummawar 'yan kasuwa, kuɗin zama mamba na har abada, gidajen abinci da shagunan da ke cikin harabar, da littattafai. Ƙaton ginin da suke yi a Mayapur, Alfred Ford, tattaɓa-kunnen mai kamfanin motocin Ford, yana cikin manyan masu zuba kuɗi.

Wanda ƙanenki ya je, na kan tudu, shi ne na unguwar Rajajinagar, an buɗe shi a 1997. Su ma rigimar gadon nan ta shafe su. Shugabanninsa suna ganin bayan Prabhupada babu wani malami da ya isa ya karɓi mabiya da sunan kansa, saboda haka suka raba gari da uwar ƙungiya, aka shafe sama da shekara ashirin ana shari'a kan wa ya mallaki wurin. Daga wannan gida ne kuma aikin da na fi girmamawa ya fito. A 2000 suka fara dafa abincin rana wa yara 1,500 a makarantun gwamnati biyar, da sunan Akshaya Patra. A 2001 kotun ƙolin Indiya ta wajabta wa jihohi ba 'yan firamare dafaffen abinci, sai gwamnati ta riƙa ba da hatsi da wani kaso na kuɗi, su kuma su nemo sauran su dafa. Yanzu suna ciyar da yara sama da miliyan biyu a kowace ranar makaranta. Tun cikin dare ake kunna tukwanen tururi, shinkafa da miyar wake da suke kira dal, injin yana fitar da gurasar chapati dubbai a awa, kafin hantsi motoci sun fita. Yaro Hindu ne ko Musulmi ko Kirista, in yana makarantar zai ci. An soke su a jihar Karnataka saboda ba sa sa albasa da tafarnuwa, ba sa ba da ƙwai, masu sukar suna cewa bai dace a ɗora wa yaran talakawa dokar cin abincin wani addini da kuɗin gwamnati ba. Ina ganin masu sukar suna da hujja, kamar yadda nake ganin yaron da ya zo makaranta da yunwa ya amfana.

Yanzu abincin da ƙanenki ya ci. Ga abin da ya kamata ki sani, shi ma ya sani: abincin cikin wurin bautarsu ba sadaka ce kawai ba. Prasadam suke kiransa. Mai dafawa ba ya ɗanɗanawa. In an gama sai a ɗebi kaɗan daga kowace tukunya a faranti na musamman, a kai gaban gumakan, a ja labule, a kaɗa ƙararrawa a yi addu'o'insu, sannan a mayar cikin tukunya a raba. A aƙidarsu wanda ya ci ya sami albarkar Krishna ko ya sani ko bai sani ba, shi ya sa suke son kowa ya ci. Ba sa ɓoye wannan, in ka tambaya za su gaya maka da murna. Rashin nama ba shi ne ƙarshen magana ba. Ni ba na ci. In an miƙo mini nakan dafa ƙirji in ce na gode, ni Musulmi ne, kuma ba a taɓa tilasta mini ba.

Malama Hadiza:

Malam Tafinta ya gama bayani, Allah ya ƙara basira. Abu ɗaya zan ƙara wa 'yar'uwata. Ayar da ta hana abin da aka ambaci sunan wanin Allah a kansa tana cikin Baƙara, kuma a kan yanka ta fi fitowa fili. Abincin da ba yanka ba amma aka gabatar wa gunki, wannan a kai wa malamin da kuka amince da shi, a kwatanta masa yadda ake yi kamar yadda aka kwatanta a sama, don fatawa tana bin yadda aka siffanta abu. Ni dai a gidana nisanta muke yi. Abin da ya ci a baya kuwa bai sani ba, kada ki tsorata shi da shi. Kuma ki ja masa kunne kada ya je ya zagi abin bautar abokan ajinsa, Alƙur'ani ya hana mu wannan a Suratul An'am.

Maman Walida:

Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Na kira shi da daddare, na karanta masa bayanin abincin. Ya yi shiru, ya ce wallahi bai san ana kai wa gumaka ba. Da muka daɗe muna hira sai ya fito da abin da bai taɓa gaya mini ba: tun da naira ta faɗi kuɗin da muke turawa ba ya kai shi ƙarshen wata, kuma a ajinsu shi kaɗai ne baƙar fata, waɗannan yaran ne kawai suke jansa a jiki.

Tafintan Delhi:

To kin ga inda gizo yake saƙa. Bangalore gari ne mai Musulmi da yawa. Ki ce ya hau mota ya je Shivajinagar ko Frazer Town, wajen titin da ake kira Mosque Road, akwai masallatai da gidajen abincin halal masu sauƙin kuɗi, da azumi kuwa titin cika yake da masu buɗa-baki. Ya riƙa yin Juma'a a can, zai haɗu da ɗaliban Najeriya da Sudan da sauran ƙasashenmu. Ya sayi ƙaramar tukunyar lantarki ta dafa shinkafa, shinkafa da wake da kayan miya ba su da tsada a kasuwar unguwa, girki da kansa zai rage masa kashe kuɗi sosai. Abokan ajin nan kuma kada ki ce ya rabu da su, tunda sun riƙe shi lokacin da ba shi da kowa. Ya gaya musu iyakarsa a fili, za su gane, su ma mutane ne masu dokar abin da za su ci da wanda ba za su ci ba. Ku zauna da maigidan ku sake lissafin kuɗin watansa da canjin rupi na yanzu.